Kafin a Sayi Ƙaramin Jirgin Sama, a Dubi Mai Zama a Baya

Mai niyyar sayen ƙaramin jirgin sama domin iyalinsa yakan fara da tambayar gudu da shan mai. A ganina, tambayar farko ita ce lafiyar yaron da zai zauna a kujerar baya.

Jirage irin Cessna 172, mai kujeru huɗu, ba a daidaita matsin iskar cikinsu kamar manyan jiragen fasinja. Iya hawan jirgi, iya raguwar oksijin da jini ke samu. Dokar Amurka ba ta wajabta tanadar wa fasinja oksijin ba sai an haura ƙafa 15,000, amma ciwon mai sikila kan iya tashi tun ba a kai nan ba. In akwai irinsa a gida, likitansa ne zai fara magana, ba dillali ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na'urar ɗumama cikin jirgi, wadda ke ɗebo zafi daga jikin salansa. Da salansar ta tsage, iskar kabon monoksaid za ta kutso, ba launi, ba wari. Yaro ya langaɓe, iyaye su ɗauka barci ne. Jirgin da ba shi da na'urar gano wannan iska, a sa masa kafin yara su hau.