Kafin Ka Sayar Wa 'Yan Gwangwan Da Tsohuwar Kwamfutar Nan

Yau zan ajiye labarin soyayya gefe guda, in yi magana a kan wani ɗan akwatin ƙarfe mai fanka da ke maƙale ta bayan kowace tsohuwar kwamfutar tebur, wanda masu gyara ke kira fawa-fak. Na san wani zai ce, me ya haɗa marubucin littafin Hausa da kayan wuta? Abin da ya haɗa mu shi ne, a ganina mutuwar wannan ɗan akwati tana jawo mana asarar littattafai ba tare da kowa ya lura ba, alhali gyaransa ko sauya shi abu ne da bai taka kara ya karya ba.

Mai karatu, ka tuna yadda littattafanmu ke fitowa daga ƙarshen shekarun 1990 har zuwa lokacin da wayar hannu ta karɓe kasuwa. Marubuci zai cika littattafan makaranta da biro, ya ɗauka ya kai shagon buga takardu. Mai shago ya buga a Word, ya tsara shafuka a PageMaker, ya zana bango a CorelDraw, a fitar a kai maɗaba'a. Daga nan marubuci ya karɓi littafinsa ya yi gaba, cikakken rubutun kuwa ya zauna a kwamfutar mai shago. Na hannu ya ɓace a wajen tashi daga gida zuwa gida, wanda aka buga kuma takardarsa marar ƙwari ce, 'yan haya sun karanta har ta yage. Balle littafi na uku da na huɗu da aka gama bugawa a kwamfuta, rashin kuɗi ya hana su fitowa, masu karatu suna ta jira har suka gaji. To waɗannan kwamfutoci, irin su Pentium II da III da 4 da aka riƙa saro mana daga Legas, wasunsu suna nan jibge a lungun shaguna a PZ da Sabon Gari da Samaru, wasu a ɗakunan ajiya a nan cikin birni, an yafa musu tsumma an ce sun mutu. Ranar da mai kurar gwangwan ya biyo layi, sai a ɗora su a sikeli.

Abin tambaya, da gaske sun mutu? Wutar da ke zuwa mana ta bango bolt 230 ce, kayan cikin kwamfuta kuwa ba sa shan fiye da bolt 12 da 5 da 3.3. Aikin fawa-fak shi ne ya karɓi babbar wutar nan ya sauke ta, ya tace, ya raba wa kowane sashe gwargwadon cikinsa. Shi ne a bakin ƙofa, don haka duk masifar da ta taso shi take fara samu. In an dawo da wuta da ƙarfi shi ne, in janareta ya yi tari shi ne. Ƙurar hunturu ta cushe masa fanka, zafin bazara ya busar da kafasitocin da ke cikinsa. Su kafasitocin ma, akwai tarin waɗanda aka ƙera daga wajen 1999 zuwa 'yan shekarun da suka biyo baya da suka fito da aibi tun daga masana'anta, kansu yakan kumbura ya tsiyayo da wani abu kamar tsatsa. Ga kuma ɗan jan makunnin nan na baya mai 115 da 230. Kwamfutar da ta fito daga Amurka a kan 115 take zuwa, wanda bai sani ba ya jona ta haka nan, ƙara ɗaya za a ji sai hayaƙi.

Alamomin ba su da wuyar ganewa: ka danna ka ji shiru, ko fanka ta juya sau ɗaya ta tsaya, ko kwamfuta ta riƙa kashe kanta tana tashi. Gaskiya ne wani lokaci in fawa-fak zai tafi yakan ja babban allon ciki su tafi tare. Amma sau da yawa shi kaɗai ke mutuwa, ma'ajiyar rubutu, wato had-disk, tana nan lafiya lau da duk abin da aka zuba mata.

To a gyara ne ko a sauya? Ra'ayina, inda ake samun irinsa a sauya, inda babu a gyara. Tun 1995 kamfanin Intel ya fito da tsarin da ake kira ATX, mai filogi ɗaya mai baki 20, daga baya aka mai da shi 24. Akasarin kwamfutocin shagunanmu irinsa ne, ƙusoshi huɗu za a kwance a ɗaura wani. Mai gyaran da ya san aikinsa zai fara gwada shi a waje, ya haɗa koriyar waya da baƙa ya ga ko fanka za ta tashi, sannan ya sa mita: jar waya ta ba da 5, rawaya 12, ruwan lemo 3.3. Amma a kula da wurare uku. Kwamfutocin da suka girmi wannan tsari filogi biyu gare su, kowanne da waya shida, kuma dole baƙaƙen wayoyin su haɗu a tsakiya, in aka juya su an ƙona allo. Wasu kwamfutocin Dell na ƙarshen shekarun 1990 kuma filoginsu kamar na kowa yake a ido, amma jerin wayoyin daban ne, in aka sa musu na kasuwa ɓarna za a yi. Na uku, sabon fawa-fak na zamanin nan ƙarfinsa a kan bolt 12 yake, tsofaffin kwamfutoci kuwa sun fi jan bolt 5, don haka ba kowane sabo ne zai ɗauke su ba. A irin waɗannan wurare gara a kai na asalin wurin tsohon mai gyaran rediyo da talabijin, ya sauya kafasitocin da suka kumbura da fis, ya share ƙura, ya sa wa fanka mai. Da tsohuwar zuma ake magani.

Gargaɗi biyu, don Allah. Kada wanda bai koyi aikin ba ya buɗe cikin fawa-fak, manyan kafasitocinsa suna iya riƙe wutar da za ta kashe mutum bayan an zare daga bango. Kuma kada a yarda da mai gyaran da zai ɗaura silin waya a gurbin fis. Haka nan kwamfutar da ta shekara goma a ajiye ba a jona ta kai tsaye don a ga ko za ta kawo. Masu tara tsofaffin kwamfutoci a Turai da Amurka sun ga darasi a kan Commodore 64, wadda ta fito a 1982: in akwatin wutarta ya tsufa, bolt 5 ɗin nan yakan haura sama ya soye ƙwaƙwalwar na'urar. Shi ya sa suke aunawa kafin su jona. Mu ma a zare wayoyin had-disk tukuna, a auna, sannan a mayar.

Wani zai ce, wannan duk wahala ce, a ciro had-disk a jona shi da sabuwar kwamfuta ta USB a kwashe komai mana. Wannan magana ce mai kyau, kuma shi ya kamata a fara yi, a ajiye kwafi biyu. Sai dai kwashewa daban, karantawa daban. PageMaker na ƙarshe da Adobe ya fitar shi ne na 7 a 2001, buɗe aikinsa a kwamfutar yau sai an sha fama. Sannan ga haruffanmu masu ƙugiya. Da yawa daga littattafan nan da haruffan Rabi'at ko Abdalla aka buga su, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, in kwamfuta ba ta da su sai ka ga }asa a maimakon ƙasa, ]aya a maimakon ɗaya. Tsohuwar kwamfutar nan ita ke da manhajar, ita ke da haruffan, ita ta san shafin kamar yadda aka tsara shi. A tashe ta ko na mako guda ne, a buɗe kowane littafi, a fitar da shi a takarda ko a mai da shi PDF.

Akwai kuma masu cewa ai littattafan ba su kai a yi musu wannan hidima ba. Ni daga Kusfa nake, unguwar malamai, inda ake gadon littafin da aka rubuta da tawada da alƙalamin kara, a naɗe cikin gafaka, jika ya buɗe ya karanta hannun kakansa. A garin nan aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, kuma don an adana ne har yau muke karanta Abubakar Imam. Abin kunya ne a ce rubutun alƙalamin kara ya haura shekara ɗari, namu na kwamfuta ya kasa kai talatin. Littattafan da aka raina aka kira adabin kasuwar Kano, yanzu a kansu ɗalibai ke rubuta kundin digiri, suna yawon neman kwafi ba sa samu. Da aka ƙona littattafan Hausa a Kano a 2007 mun yi ta kururuwa, kuma da gaskiyarmu. To wanda muke miƙa wa mai sikeli da hannunmu fa, wa za mu kai ƙara?

Kirana ga 'yan'uwa marubuta, maza da mata, kowa ya tuna shagon da ya buga masa littafi, ya je ya tambaya tun mai shagon yana raye kuma yana tuna inda ya ajiye kayan. Ku kuma masu shaguna, amanar mutane ce a hannunku, kada ku sayar kafin ku nemi masu ita. Ƙungiyoyin marubuta su ma za su iya ɗaukar mai gyara guda ya bi shagunan gari ɗaya bayan ɗaya, kuɗin bai kai na walimar ƙaddamar da littafi ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya jiƙan marubutanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya sa abin da muka rubuta ya zame mana hujja ranar gobe.