Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Jagorancin Ɗaliban Sakandare A Ƙasar Gumel

Gabatarwa

Ƙasar Gumel, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, tana yaye ɗalibai daga makarantun sakandare kowace shekara kamar sauran sassan Jihar Jigawa. Kafin a kai ga wannan rana, uba ya sayar da riɗi, uwa ta sayar da akuya, malamai sun yi nasu ƙoƙarin, yaro kuma ya share shekara shida yana kai da kawowa. To amma in aka tare ɗan ajin ƙarshe aka tambaye shi inda ya dosa, sau da yawa amsarsa ba ta wuce ɗayan uku: likita, ko lauya, ko aikin kwastan. In aka ƙara tambayarsa waɗanne darussa ne ke kai mutum can, kuma ko yana cikin masu karanta su, sai magana ta tsaya.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa shawarar da ɗalibi ke bukata tun yana aji uku na ƙaramar sakandare, takan zo masa ne a makare, wato ranar cike fom, in ma ta zo ke nan. Sa'an nan ko da ta zo, birni kawai take nuna masa, ta manta da arzikin da ke ƙofar gidansu.

Asalin Aikin Jagoranci

Ba wa matashi shawara kan sana'a tsohon abu ne a ƙasar Hausa, domin a da ɗan maƙeri ya san maƙera, ɗan dukawa ya san kwashe, ɗan fatake kuma tun yana ƙarami ake ɗora shi a hanya. Zuwan boko ne ya fitar da yaro daga sana'ar gado, ya ajiye shi a mararrabar da ubansa bai taɓa bi ba. Saboda irin wannan ruɗani ne wani Ba'amurke mai suna Frank Parsons ya buɗe ofishin ba da shawara kan sana'a a birnin Boston a shekarar 1908. Koyarwarsa ta tsayu kan abu uku: mutum ya san kansa, ya san abin da kowane aiki ke bukata, sa'an nan ya auna biyun da hankali.

A Nijeriya kuwa, masana sukan danganta mafarin aikin ga makarantar 'yan mata ta St. Theresa da ke Ibadan, inda a 1959 aka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban suka yi wa 'yan ajin ƙarshe bayanin ayyukansu. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a sa malaman ba da shawara a makarantun gaba da firamare, sa'an nan tsarin 6-3-3-4 da aka soma a 1982 ya dogara kacokan kan a gane baiwar yaro a ƙarshen shekara ukun farko na sakandare. Ashe ke nan maganar ta daɗe a rubuce. Abin da ya rage shi ne a gan ta tana aiki a makarantar ƙauye kamar yadda take a takarda.

Inda Ake Ɓata Hanya

Mafi yawan mutane sun ɗauka cewa makomar ɗalibi tana yankewa ne ranar da sakamakon jarrabawar WAEC ko NECO ya fito. Haƙiƙa an riga an yanke rabinta shekara uku kafin nan, ranar da aka raba 'yan aji ɗaya na babbar sakandare zuwa ɓangaren kimiyya da na adabi da na kasuwanci. A makarantu da dama wannan rabo yakan gudana cikin gaggawa. Wani yaro abokinsa ya bi, wani tsoron malamin lissafi ne ya kore shi, wani kuwa kunya ce ta kai shi kimiyya don kada a ce masa daƙiƙi. Da wuya a sami wanda aka zaunar aka ce masa: ga abin da wannan zaɓi zai buɗe maka, ga kuma abin da zai rufe.

Alhali kuwa ƙofofin da yake rufewa manya ne. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, tana jarraba mai neman jami'a a darussa huɗu, Turanci dole ne a cikinsu, sauran ukun kuwa fannin da yake nema ne ke ƙayyade su. Mai neman likitanci, na mutane ko na dabbobi, sai da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Mai neman injiniyanci sai da Lissafi da Fiziks, galibi kuma har da Kemistiri. Mai neman lauya kuwa, in bai karanta Adabin Turanci ba, jami'o'i da yawa ba za su dubi takardarsa ba. Daɗin daɗawa, ana bukatar kiredit biyar a darussan da suka dace da fannin. Saboda haka yaron da ya ci maki mai yawa a darussan da ba su haɗu da burinsa ba, tamkar wanda ya yi ta sauri ne a kan hanyar da ba ta zuwa garinsu.

Wuri na biyu da ake ɓata shi ne wurin cike fom. Tun daga 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, daga 2021 kuma sai da lambar shaidar zama ɗan ƙasa ake yin rajista. Yaron da ya fito daga ƙauyukan Sule Tankarkar ko Gagarawa, wanda wataƙila bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, yakan miƙa al'amarinsa ga mai buga masa fom. Shi kuwa wannan layi ne a gabansa, ba shi da lokacin tambayar yaro baiwarsa, don haka yakan zaɓa masa jami'a da fanni yadda ya sawwaƙa. Kuskuren harafi ɗaya a suna, ko saɓanin ranar haihuwa tsakanin takardu, yana iya jawo jeka-ka-dawo da asarar kuɗi, wani lokaci har da asarar shekara. Ga 'ya mace kuwa, asarar shekara ɗaya sau da yawa ita ce ƙarshen karatun baki ɗaya.

Ƙofofin Da Ke Kusa

Wani abin takaici shi ne, ɗalibin yau ya fi na jiya yawan ƙofofi, amma bai san su ba. Sa'ad da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 babu jami'a ko ɗaya a cikinta. Yanzu akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa da aka kafa a 2013, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Ɓaɓura wadda aka amince da kafa ta a 2021. Akwai kwalejojin kimiyya da fasaha a Kazaure da Dutse da Haɗeja, akwai makarantar koyon jinya da ungozoma a Birnin Kudu, da ta kiwon lafiya a Jahun. A cikin garin Gumel kansa ga Kwalejin Ilimi, wadda tun zamanin tsohuwar Jihar Kano take horar da malamai.

Kaɗan ne daga cikin ɗalibai suka san cewa wanda ya sami takardar NCE ko difloma da sakamako mai kyau yana iya shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu, ko kuma cewa tun 2024 akwai asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati bashin karatu maras ruwa. Rashin sanin wannan shi ke sa yaro ya zauna shekara uku yana maimaita jarrabawa don neman fanni guda, alhali sa'o'insa da suka bi ta kwaleji sun gama sun wuce.

Arzikin Ƙofar Gida

A nan ne jagoranci irin wanda ake kwafowa daga littafi ya fi gazawa, domin jerin sana'o'in da ke cikinsa bai san ƙasar Gumel ba. Duk ranar Alhamis kasuwar Maigatari takan cika da shanu da raƙuma da tumaki da awaki daga Jamhuriyar Nijar da sauran wurare, a loda su a manyan motoci zuwa kudancin ƙasar nan. Kowace dabba a cikinsu tana bukatar wanda zai duba lafiyarta, da wanda ya san haɗin abincinta, da wanda zai sarrafa fatarta. Ana karanta likitancin dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, akwai kwalejin kiwon lafiyar dabbobi a Vom ta Jihar Filato, akwai kuma cibiyar nazarin fata a Samarun Zariya. Duk da haka, yaron da ya tashi yana jan igiyar saniya a wannan kasuwa, wanda da kallo ɗaya yake gane dabba mai ciwo, yakan gama sakandare ba wanda ya taɓa gaya masa cewa wannan sani nasa yana da digiri.

Haka abin yake ga riɗi da zoɓo, waɗanda Jigawa ta yi suna wajen noma su, ake kuma fitar da su ƙasashen waje. Manomi ya sha rana, amma riba mai tsoka tana hannun wanda ya san tacewa da awo da adanawa da cike takardun fitar da kaya. Gwamnati ta keɓe yankin ciniki na musamman a bakin iyakar Maigatari, an kuma daɗe ana maganar masana'antar sukari a Gagarawa. Ko yaushe waɗannan suka kankama, masu gyaran inji da lantarki da riƙe lissafi za a nema, in kuwa babu su a gida, daga nesa za a ɗauko su, 'yan ƙasa su ƙare a gadi da dako. Har ila yau, tsallaken iyaka ƙasar Damagaram ce, inda takardun hukuma da na ciniki suka daɗe suna gudana da Faransanci, don haka ɗan Maigatari mai Hausa da Turanci da Faransanci yana da jarin da ɗan birni ba shi da shi. Ga kuma yaƙi da kwararowar hamada, wanda ke neman masana gandun daji da na ruwa, ga makarantu da asibitocin karkara da ke neman malamai mata da ungozomomi 'yan gari.

Hujjojin Masu Saɓani

Wasu za su ce ai komai rabo ne. Gaskiya ne, amma manomin da ya yarda da rabo bai taɓa shuka gero yana jiran girbin riɗi ba. Wasu kuma za su ce ina amfanin shawara tun da masu digiri ma suna zaune babu aiki? Wannan hujja tana da nauyi, sai dai in aka duba da kyau ita ce ma ke ƙara tilasta jagoranci. Lokacin da aikin gwamnati ke jiran kowane mai takarda, kuskuren zaɓi ba ya kashe mutum. Yau da guraben suka yi kaɗan, iyalin da suka zuba ɗan abin da suke da shi a karatun yaro ɗaya ba su da halin yin caca da shi.

Akwai kuma masu ganin cewa nuna wa yaro arzikin gida wata dabara ce ta ɗaure shi a ƙauye. Ko kusa. Yarinyar Gagarawa mai ƙwaƙwalwar likitanci wajibi ne a nuna mata hanyar likitanci, a kuma tsaya mata har ta kai. Abin da ake so shi ne kowa ya ga hanyoyin duka kafin ya zaɓa. Bugu da ƙari, rufe iyaka da aka yi daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar a 2023, sun nuna wa mutanen Maigatari cewa dogaro da dillanci kaɗai yana da haɗari, kuma mai ilimin sana'a a hannu ya fi saurin samun mafita.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta ƙarancin malamai: makarantar da ba ta da isassun malaman Lissafi, ina za ta sami na ba da shawara? Amsa ita ce aikin ba ya bukatar gini ko injina. Malami ɗaya mai horo, da sa'a biyu a mako, da kundin bayanin fannoni na hukumar JAMB, sun isa a soma.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Da farko, ya kamata Ma'aikatar Ilimi ta Jiha ta tabbatar kowace sakandare tana da malamin jagoranci da aka rage wa nauyin koyarwa, kada muƙamin ya zama suna kawai. Kwalejin Ilimi ta Gumel tana iya shirya wa irin waɗannan malamai bita a lokacin hutu. Na biyu, kada a raba ɗalibai zuwa ɓangarori sai an zauna da kowane yaro da mahaifinsa ko waliyyinsa, an duba sakamakonsa na shekara uku, an kuma yi bayanin da Hausa yadda uban da bai yi boko ba zai fahimta. Na uku, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da na ci gaban gari su riƙa kawo 'yan ƙasa masu sana'o'i, daga likitan dabbobi zuwa mai haɗa wutar sola, maza da mata, su yi wa yara bayani kamar yadda aka yi a Ibadan a 1959. Na huɗu, kowane fom ya bi ta hannun malamin jagoranci kafin a tura shi. Masarauta da hakimai da limamai kuwa, su ne suka fi kowa iya jawo hankalin iyaye su halarci irin wannan zama.

Kammalawa

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗalibin ƙasar Gumel ba ya rasa ƙwaƙwalwa, makarantun gaba kuma sun matso kusa da shi fiye da kowane zamani. Abin da ke tsakaninsa da su sau da yawa bayani ne na rabin sa'a wanda bai samu a kan kari ba. In hukuma da malamai da iyaye suka mayar da wannan bayani zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, suka kuma haɗa shi da sanin arzikin ƙasa, to, ɗawainiyar shekara shida za ta daina ƙarewa a zaman gindin bishiya. Allah Ya sa masu iko su duba.