KAI DA MOTARKA: IN KA JI ƘAURIN ROBA

A wannan mako filinmu zai duba wani al'amari da direbobi da yawa suke rainawa, watau ƙaurin roba da kan shigo cikin mota ana cikin tafiya. Wani sai ya ce ai tayar wata babbar mota ce a gaba, ya zuge gilashi ya ƙara taka totur. Alhali kuwa mota ba ta da bakin magana, ta hanyar ƙara da wari take kai kukanta ga mai ita, kuma wanda ya ƙi saurare yana iya rasa inji, ko motar dungum, ko ma rayukan da ya ɗauko.

Abin da ya wajaba tun farko shi ne ka sauka gefen hanya, ka kashe inji, ka fitar da kowa. In ka ga hayaƙi mai kauri ko harshen wuta daga ƙarƙashin murfin inji, kada ka wangale murfin, domin iskar da za ta shiga ita ce za ta rura wutar. Don irin wannan rana ne Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, take matsa wa direbobi su ajiye tukunyar kashe gobara a mota. In kuwa babu wuta, ka dakata injin ya huce, sa'an nan ka bi sawun warin. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto da zafinsa, ruwan ciki yana iya tsartuwa ya sale maka fuska.

Wurin farko da za a duba shi ne fambel. A tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, in ka danna shi da babban yatsa a tsakiya, bai kamata ya lotsa fiye da kimanin santimita 1 ba. Yawancin motocin yanzu kuwa bel ɗaya ne dogo yake juya na'urar cajin batir da ta sanyaya mota, a wasu har da famfon ruwa. In bel ya yi sako-sako, ko boris ɗin ɗaya daga cikin na'urorin nan ya cije, sai ya dinga zamewa yana ƙonewa. Alamarsa ita ce ƙara mai tsini sa'ad da aka ta da mota, da sheƙi ko tsagewa a jikinsa. Ranar da ya tsinke, fitilar batir za ta kama, kuma in shi ne mai juya famfon ruwa, inji zai ɗau zafin da zai iya lalata shi cikin 'yan mintoci. A sauya bel, amma a sa makaniki ya juya kowace na'ura da hannu, domin in ba a kawar da abin da ya cinye tsohon ba, sabon ma ba zai kai labari ba.

Na biyu, a leƙa bututun hayaƙi, wanda zafinsa yakan kai ɗaruruwan digiri. Tiyon ruwa da ya kwance ya jingina da shi, ko baƙin mai da yake ɗiga a kansa, ko ledar da mota ta kwasa a hanya ta manne a salansa, kowannensu yana ba da irin wannan ƙauri.

Na uku, birki da kuloci. Direban da ya manta da birkin hannu, ko wanda ya sauko gangara irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos da ƙafarsa a kan birki tun daga sama har ƙasa, zai ji ƙauri daga wajen tayoyi. Birkin da ya yi zafi haka yana iya daina kamawa, saboda haka a sauko gangara da ƙaramar giya. In ƙafa ɗaya ta fi sauran zafi nesa ba kusa ba, to, birkinta ne ya cije. Kuloci kuwa ga yadda ake gwada shi: a fili, ka ja birkin hannu, ka sa giya ta uku, ka saki kuloci sannu a hankali. In inji ya mutu, da sauran ƙarfinsa. In ya ci gaba da aiki, ya cinye, sai sauyi.

Na huɗu, taya. Ƙarancin iska da lodi fiye da kima suna sa taya ta ɗau zafi ko ta riƙa gogar jikin mota, kuma ƙarshen wannan fashewa ne. A dubi lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT a gefenta: 2319, alal misali, yana nufin mako na 23 na shekarar 2019 aka yi ta.

Mafi hatsari duka shi ne wayar lantarki. In ƙaurin ya fi ƙarfi a cikin mota, ko fiyus yana yawan ƙonewa, a cire kan batir mai alamar ragi, a kira mai gyaran waya. Masu ɗaura zaren waya a gurbin fiyus su sani sun kori mai gadi ne sun bar ƙofa a buɗe, domin aikin fiyus shi ne ya ƙone kafin mota ta ƙone.

Kuɗin bel ko fiyus bai taka kara ya karya ba in aka gwada shi da kuɗin inji, balle ran ɗan Adam. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.