Sharhi: Takardar Shaidar Aure a Ali Kazaure



Duk wanda ya taɓa halartar ɗaurin aure a unguwar Ali Kazaure ran Asabar da hantsi, musamman a watannin hunturu, sa'ad da sanyin Jos yake sa dattawa su naɗe wuya da rawani su cusa hannuwa cikin babbar riga, ya san yadda al'amarin yake gudana: an shimfiɗa tabarmi daga ƙofar gida har bakin kwata, an tare titi da benci, ga farantan goro da dabino da alewa a gaban liman; wakilin ango ya gurfana ya nema wa ɗansu auren 'yar gidan, waliyyi ya ce ya bayar, a ambaci sadaki a ƙirga shi a idon jama'a in lakadan ne, a ɗora wa miji ci da sha da sutura, sa'an nan sanƙira ya ɗaga murya ya isar wa na nesa abin da aka faɗa a kusa, a shafa Fatiha a watse. Ɗaruruwan kunnuwa sun ji, samari sun cika wayoyinsu da hotuna, amma a galibin irin wannan zama ba a ɗiga tawada ko sau ɗaya a kan takarda ba.

Kada wani ya yi mini mummunar fahimta. Wannan aure sahihi ne, ba shi da wata tawaya a wurin Allah ko a wurin shari'a, domin abin da malamanmu na mazhabar Malikiyya suka shar'anta, kamar yadda kowane ɗalibin da ya zauna gaban malami ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin ya sani, shi ne waliyyi da sadaki da shaidu biyu adalai, tare da sigar nema da bayarwa. Takarda ba ta cikin rukunai, kuma ba ni ne zan ƙara ta ba. Abin da ya dame ni shi ne ranar da za a bukaci hujja, alhali kuwa hujjar tana cikin ƙirazan mutane, mutane kuma suna tsufa, suna ƙaura, suna mantuwa, suna amsa kiran Ubangijinsu.

Akwai wata baiwar Allah maƙwabciyarmu, wadda mijinta ya yi shekara ashirin da 'yan kai yana tuƙi a wata ma'aikata, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya shida. Da ta fita takaba, sai na raka ta neman haƙƙinsa, ni da ƙanin marigayin. Ta ɗaure duk abin da ta mallaka na takarda a cikin leda, ta sa a jakar hannu: katin aikinsa, takardar asibiti ta shaidar mutuwa, da wani tsohon katin gayyata wanda ruwa ya taɓa shi har sunan amarya ya dushe. Akawun, yaro ne mai ladabi, ya duba ya ce, "Mama, ina takardar aure?" Ta dube shi ta ce, "Ɗana, wace takarda kuma? Duk unguwa ta san ni matarsa ce." Gaskiya ta faɗa, shi ma kuma bai yi zalunci ba, domin fayil ɗin da ke gabansa bai san unguwa ba, sunan da marigayi ya rubuta a gurbin magaji tun yana saurayi sunan mahaifinsa ne, wanda ya riga shi rasuwa da shekaru. Aka ce ta je ta kawo takardar rantsuwa daga kotu, da wasiƙar limamin da ya ɗaura, da shaidu. Liman ya rasu. Waliyyinta, kawunta ne, ya rasu. Wanda ya karɓa wa ango ya bar garin tun bayan wata tarzoma, babu wanda yake da lambarsa.

A nan ne nake ganin mu mutanen Jos muna da dalili na musamman wanda ya fi na mutanen tsofaffin birane ƙarfi. Bakano ko Bakatsine da ke zaune a gidan da kakan kakansa ya gina, in ya nemi wanda ya halarci auren iyayensa, zai same shi a zauren da ke kallon nasu. Mu kuwa garinmu na kuza ne da jirgin ƙasa, kakanninmu sun taru ne daga Kano da Kazaure da Katsina da Bauci da Borno, har sunayen unguwanninmu, Ali Kazaure da Ibrahim Katsina da Garba Daho da Abba Na Shehu, suna ba da wannan labari. Kuma a cikin shekara goma kacal mun ga rikicin watan Satumba na 2001, da gobarar da ta cinye babbar kasuwar Taminus a 2002, da rikicin Nuwamba na 2008 wanda ya biyo bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, da na Janairun 2010, sa'an nan ambaliyar damina ta 2012 ta zo ta shafe gidaje a Rikkos da Gangare. Waɗannan masifu sun ci rayuka, sun ci akwatunan takardu, sun kuma tarwatsa maƙwabtan da suka yi shekara talatin suna salla sahu ɗaya. Fuƙaha'u sun yarda da shaidar ji a kan aure, wato mutane su ce tun tasowarsu suna jin amintattu da waɗanda ba su ba suna cewa wance matar wane ce; to amma wannan rangwame yana bukatar unguwar da ta zauna daram, ba wadda aka yi ta kwashewa ana zubarwa ba.

To, ina ake samun takardar? Wajibi ne a rarrabe abubuwa biyu da mutane suke cuɗawa: akwai izinin aure, wanda ake karɓa kafin a ɗaura, akwai kuma shaidar aure, wadda ake bayarwa bayan an ɗaura. A Amurka, alal misali, masu niyya suna zuwa ofishin akawun gundumarsu su karɓi lasisi, wanda ya ɗaura ya sa hannu ya mayar, a shigar da shi littafi, ta yadda jika zai iya zuwa bayan shekara saba'in ya biya 'yan kuɗi a ba shi kwafe mai hatimi. Makamancin wannan a ƙasarmu shi ne auren rajista, wanda dokarsa ta samo asali daga dokar aure ta Turawan mulkin mallaka ta 1914. A ƙarƙashinta mutum yana sanar da magatakardan aure niyyarsa a rubuce, a manna sanarwar a ofis har kwana 21 domin duk mai ƙorafi ya fito, ɗaya daga cikin ma'auratan ya zama ya zauna a yankin aƙalla kwana 15, sa'an nan a ba da takardar izini, a ɗaura cikin wata uku, ko dai a gaban magatakarda ko a wurin ibadar da hukuma ta ba lasisi, da shaidu biyu, ƙofa a buɗe. Da yawa daga maƙwabtanmu Kiristoci ta wannan hanya suke bi, shi ya sa ba su cika shan wahalar da muke sha ba in ana neman kwafe. Tsarin mulkin 1999 ya lissafa rajistar haihuwa da mutuwa da aure cikin ayyukan ƙananan hukumomi, ko da yake an daɗe ana jayayya a kotuna tsakaninsu da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Tarayya, mai riƙe da shahararren ofishin nan na Ikoyi a Legas, a kan iyakar ikon kowa.

Sai dai ina roƙon 'yan'uwana Musulmi, musamman samarin da ke neman biza suna gaggawa, su tsaya su saurari wannan da kunnen basira. Auren rajista ba hatimi ba ne da ake bugawa a kan auren da liman ya ɗaura. Aure ne mai zaman kansa, da hukunce-hukuncensa. Wanda ya shige shi ya ɗaure kansa da mace ɗaya muddin igiyar tana nan, in ya ƙara wata bisa al'ada dokar ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara biyar. Ba ya kuma warwaruwa da furucin saki ko takardar da miji zai rubuta ya miƙa, sai Babbar Kotu ta raba shi bisa dokar shari'o'in aure ta 1970. Kuma ranar rabon gado yana iya buɗe wa magada ƙofar husuma da ba su taɓa zato ba. Na san wanda ya je ya sa hannu don kawai wani ofishin jakadanci ya nemi takarda, bai san abin da ya ɗauko ba sai da ya tashi ƙara aure. Tsarin mulkin nan da kansa ya cire auren Musulunci da na al'ada daga cikin abin da Majalisar Tarayya take yi wa doka, saboda haka hanyarmu daban ce: takardar masallaci ko ta ƙungiyar addinin da ta ɗaura, da tabbatarwar kotun yanki, wadda ta gaji kotun alƙali tun ƙarshen shekarun 1960, kuma a samanta akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a nan Jos. Takardar rantsuwa, wadda akasarinmu muke rugawa mu yi in ta ƙure, maganar mutum ce a kan kansa, ba ta kai rubutun da aka yi ranar ɗauri da sa hannun shaidu nauyi ba.

Wanda yake ganin abin bai kai a damu ba, ya tuna hajjin 2012, lokacin da aka tsare ɗaruruwan maniyyata mata 'yan Nijeriya a filin jirgin Jidda kan batun muharrami, aka kuma juyo da da yawa daga cikinsu gida ba su ga Ka'aba ba. Matanmu ba su canza suna in sun yi aure, suna riƙe da sunan mahaifinsu kamar yadda addini ya koyar, to da me baƙon jami'i zai gane cewa wannan Alhaji mijin wannan Hajiya ne?

Na sha jin ana cewa rubuta aure bidi'a ce ta Nasara. Wallahi ba haka ba ne. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Sadakin da aka ce ajalan ne kuwa, mene ne shi in ba bashi a wuyan miji ba? Malaman Andalus da Magrib, 'yan mazhabarmu, sun mai da rubuta wasiƙun aure da ciniki da waƙafi fanni guda na ilmi, Ibnul Aɗɗar na Ƙurɗuba ya yi masa littafi, Wansharisi ya yi, kuma Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa, wadda alƙalanmu suka yi ta hukunci da ita, cike take da maganar bayyina da shaidu da rubutu. A Masar tun 1931 kotu ba ta sauraren da'awar auren da ɗaya ɓangaren ya musanta sai da wasiƙar hukuma. Ba na fatan mu kai ga wannan tsanani, domin zai cuci matan karkara da ba su da laifi. Amma ya isa ya nuna cewa alƙalami a wurin ɗaurin aure gadonmu ne da muka bari ya faɗi.

Wasu masallatai da ƙungiyoyi a garin nan, Allah ya saka musu da alheri, sun riga sun buga takardunsu suna bayarwa. Abin da ya rage shi ne littafi. Takarda guda a ƙarƙashin katifa gobara ɗaya ce ta ishe ta. Ina kira ga kwamitin kowane masallaci a Ali Kazaure ya sayi babban littafi mai bango, a sa wa shafukansa lamba, a naɗa wa na'ibi ko wani malamin Islamiyya mai kyan rubutu alhakinsa. A rubuta kwanan wata na Hijira da na Miladiyya, da cikakken sunan ango da amarya daidai da yadda yake a katin ɗan ƙasa, domin bambancin harafi biyu tsakanin Muhammad da Mohammed ya isa ya mai da mutum gida daga ofis. A rubuta waliyyi da dangantakarsa da ita, da adadin sadaki, abin da aka biya da abin da ya saura, da shaidu biyu da sa hannunsu, kuma zai kyautu a haɗa dattijo da matashi. A ba miji kwafe, a ba matar nata a hannunta ita kanta, kada a ce mijin zai ajiye mata, domin ranar saɓani ko ranar mutuwa ita ce mai bukata. Duk ƙarshen shekara a ɗauki hoton shafukan a adana a wani wuri dabam da masallacin. Waɗanda suka daɗe da aure kuma su nemi shaidunsu tun suna raye, su je kotun yanki a rubuta.

Ita maƙwabciyar tamu, sai da aka yi wata takwas ana cigiya kafin a gano wanda ya karɓi auren, yana zaune wajen ɗansa a Tilden Fulani, idonsa ya tafi amma hankalinsa garau. Muka ɗauko shi a mota, aka riƙo hannunsa har gaban alƙali, ya faɗi ranar, ya faɗi sadakin, har ya tuna cewa an yi yayyafi da safen. Aka rubuta, aka buga hatimi, aka biya ta haƙƙin marayunta. Kafin azumin da ya biyo baya muka koma Tilde jana'izarsa.