Takarda Ɗari, Kira Ko Ɗaya Babu

Jama'ar Hausari, akwai wata ɗabi'a da ta kama matasanmu, kuma gara mu faɗa wa juna gaskiya. Yaro ya gama Jami'ar Maiduguri ko Ramat, ya yi bautar ƙasa, sai ya buga CV guda ɗaya ya mai da ita maganin kowace cuta. Duk tallar aikin da aka turo a WhatsApp, tura kawai: direba, akanta, malamin makaranta, jami'in lafiya. Ka tambaye shi me masu aikin suke nema, ya ce, "Ni dai na tura, Allah Ya sa a dace." Amin. Amma ai sai ka ɗaure raƙuminka kafin ka yi tawakkali.

Da can wannan jifan a duhu yakan samu wani abu. Tun wajen 2016 da ƙungiyoyin agaji suka cika garin nan, ana ɗaukar mutane da yawa. Yanzu zamani ya juya. Daga Janairun 2025 da gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin Amurka, aka kuma rushe USAID, ƙungiyoyi da dama sun rage ma'aikata. Yaronmu yanzu yana takara ne da wanda ya yi shekaru a Monguno, Dikwa ko Ngala. Takardar da ba a rubuta don wannan gurbin ba, wa zai karanta layinta na biyu?

Aikin gwamnati kuma yana da nasa tarkon, musamman gare mu. Soja, ɗan sanda, kwastan, duk ana raba gurabensu jiha-jiha, kuma sai da takardar indijin. An haife ka a nan, kakanka daga Kano ko Katsina ya zo. Da sunan wace jiha ka cike? A ina za a tantance ka? Wanda bai warware wannan ba tun farko, kuɗin kafe da na hoto kawai ya zubar. Kada mu manta 15 ga Maris 2014, ranar da dubban ɗaruruwan matasa, kowa ya biya naira 1,000, suka yi cincirindo don guraben shige da fice da ba su kai 5,000 ba. Wasu gawarsu aka mayar gida.

To, kada wani ya ce mun ba shi lasisin zama. Muna da wasu kuma, kullum suna majalisa suna "bincike": sun san albashin kowace ƙungiya, sun san wanda aka ɗauka da ƙafa, amma wata shida ba su tura takarda ko ɗaya ba. Wai sai Alhaji ya yi magana. Zomo ba ya kamuwa daga zaune, malam.

Abin da muke cewa mai sauƙi ne. Uku ko huɗu a mako, amma kowace ka san ta. Karanta sharuɗɗan har ƙarshe. In an ce sai mai jin Barbarci ko Larabcin Shuwa, kai da ka tashi a garin nan kana ji, rubuta shi a sama, jarinka ne. Nemi wanda ya taɓa aiki a wurin, ka tambaye shi. Matambayi ba ya ɓata. Ka riƙe littafi: ina ka tura, yaushe, me aka ce. Duk wanda ya nemi kuɗi kafin ya ba ka aikin ƙungiyar agaji, ɗan damfara ne.

Iyaye, mu ma da namu. Mu daina tambayar "nawa ka tura?" Mu tambaya "ina ka tura, me ya sa?" Ma'aikatan unguwa kuma, ku ba ƙannenku awa ɗaya ranar Asabar ku duba musu takardunsu. Wannan ma zumunci ne.