SHARHI: Waɗanda suka fito daga Ikotun sun yi magana, a wane ofishi ake sauraren irinsu?

Lokacin da sashen binciken ƙwaƙwaf na BBC, wato Africa Eye, ya saki fim mai kashi uku a kan Temitope Balogun Joshua ranar 8 ga Janairun 2024, mutumin da ake zargi ya riga ya shafe shekara biyu da rabi a kabari. Ya mutu ranar 5 ga Yunin 2021, saura mako guda ya cika shekara 58. Babu wata kotun duniya da za ta sake jin ta bakinsa, don haka adalci ne a faɗa tun daga farko cewa abin da aka jingina masa zargi ne. Cocinsa, Synagogue Church of All Nations da ke Ikotun a Legas, wadda matarsa Evelyn ke jagoranta yanzu, ta ce yi masa ƙazafi ba sabon abu ba ne, kuma ba a taɓa tabbatar da ko ɗaya ba.

Sai dai waɗanda suka yi magana sun haura mutum 25, daga Najeriya da Ghana da Afirka ta Kudu da Namibiya da Birtaniya da Jamus da Amurka, kuma binciken, wanda aka yi tare da kafar openDemocracy, ya ɗauki shekara biyu. Ba baƙi ba ne da suka leƙa ranar Lahadi suka koma gida. Su ne waɗanda cocin ke kira almajiransa, masu kwana da tashi a cikin harabar, wasunsu fiye da shekara goma. Mai ɗaki, in ji Bahaushe, shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin jama'a shi ne manyan zarge-zargen: fyaɗe na tsawon shekaru, tilasta zubar da ciki, bulala da ɗauri da sarƙa, da shirya warkarwar bogi a gaban kyamara don a nuna wa duniya a tashar Emmanuel TV. Waɗannan su ne suka zama kanun labarai, kuma sun cancanta. Amma wanda ya saurari tsofaffin almajiran da natsuwa zai lura cewa sun fi daɗewa a kan wani abu da ba ya hawa kanun labari, wato yadda ranakunsu suke tafiya. Aiki ba dare ba rana, ba albashi. Barci na 'yan sa'o'i a ɗakin da ake cunkushe. Kiran shugaba da sunan uba, har uban da ya haife ka ya koma baƙo. Zaman da ake tara mutane kowa ya tona laifin ɗan'uwansa, ta yadda ba ka da aminin da za ka gaya wa shakkar da ke ranka, domin gobe shi ne zai tashi ya faɗa a gaban kowa. Wata 'yar Birtaniya da ta bar jami'a tana da shekara 21 ta tare a Ikotun har shekara 12, ta ce sun ɗauka a aljanna suke, ashe a wuta suke.

A nan ne tambayar da kowa ke yi a teburin shayi take tasowa: to me ya hana su fita? Ai ƙofa a buɗe take, ai masu ilimi ne. Tambaya ce ta wanda bai taɓa kwana uku a jere bai runtsa ba. Tun 1961 likitan ƙwaƙwalwa na Amurka Robert Jay Lifton, wanda ya yi hira da mutanen da suka fito daga sansanonin gyaran tunani na China, ya nuna cewa mallake mutum ba ya bukatar katanga mai tsawo. Ya isa a mallake abin da yake ji da wanda yake magana da shi, a sa shi yawan furta laifinsa, a ba shi 'yan kalmomin da za su rufe duk wata tambaya kafin ta gama fitowa. Wanda aka yi wa haka, idan ya ji shakka, ba shugaba yake tuhuma ba, kansa yake tuhuma. Kuma duk shekarar da ta ƙaru, farashin fita yana ƙaruwa. Wadda ta bar karatu, ta yanke da iyaye, ta kai shekara talatin ba takarda ba sana'a, in ta yarda cewa yaudara ce, ta yarda ke nan cewa ƙuruciyarta ta tafi a banza. Mutane da yawa sun gwammace su ƙara shekara guda a ciki da su fuskanci wannan lissafin.

An ga misalin haka ƙarara a garin Ondo cikin Yulin 2022, inda 'yan sanda suka fito da mutum 77, ciki har da yara 26, daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wata coci mai suna Whole Bible Believers. An gaya musu cewa za a ɗauke muminai zuwa sama a watan Afrilu. Afrilu ya zo ya wuce, aka ɗaga zuwa Satumba, suka ci gaba da zama. Iyayen da suka rasa 'ya'yansu ne suka kai ƙara, amma da aka fito da su, wasu daga cikin yaran sun ƙi bin iyayen. Ƙofar ɗakin ta buɗe, wadda ke cikin kansu tana nan a kulle.

Kada mai karatu a Arewa ya gyara zama ya ce wannan matsalar majami'u ce. A Satumbar 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa, Kaduna, mai ɗauke da sunan makarantar addini da gyaran tarbiyya, suka fito da maza da yara fiye da 300, da yawa da mari a ƙafa da tabon duka a baya. Cikin makonni aka gano irinsa a Daura da wasu garuruwa. Bambancin shi ne mafi yawan na Rigasa iyayensu ne suka kai su da hannunsu, na Ikotun kuwa da ƙafarsu suka je. Abin da ya haɗa su shi ne rigar addini ta sa maƙwabta da hukuma suka daɗe suna kawar da kai.

Batun kawar da kai shi ne ya shafi masu aiki a ma'aikatun Abuja kai tsaye, domin Ikotun ba ɓoyayyen wuri ba ne. A 2008 Gwamnatin Tarayya ta ba Joshua lambar girmamawa ta OFR. John Atta Mills na Ghana ya je cocin yin godiya bayan ya ci zaɓe, Joyce Banda ta Malawi ma ta kasance cikin masu zuwa. Ranar 12 ga Satumbar 2014 masaukin baƙin cocin ya rufta, mutum 116 suka mutu, fiye da 80 'yan Afirka ta Kudu. Joshua ya ɗora laifin a kan wani jirgin sama da ya ce ya yi ta shawagi a saman ginin. Kotun binciken musabbabin mutuwa ta Jihar Legas ta aika masa sammaci, bai halarta ba. A Yulin 2015 kotun ta ce an ƙara benaye ba tare da izini ba, ta ɗora alhakin a kan sakaci. An gurfanar da amintattun cocin da injiniyoyi biyu, shi kuwa har ya koma ga Mahaliccinsa ba a yanke masa hukuncin komai ba.

Yanzu a sa kai a matsayin yarinya 'yar shekara ashirin da ke cikin wannan harabar a wannan lokacin. Tana ganin shugabannin ƙasashe suna shigowa da jerin motoci. Ta ga Shugaba Goodluck Jonathan ya zo jaje bayan ruftawar ginin. Ta ga gawa fiye da ɗari ba ta kai maigidan gaban alƙali ba. Da wane ƙarfin hali za ta je caji ofis da labarin abin da aka yi mata a ɗaki, ba shaida sai Allah? Hadimin da ke tsara wa maigidansa ziyarar neman albarka yana ganin hoto ne kawai za a ɗauka. Na ciki kuwa suna karanta hoton a matsayin sanarwa cewa babu inda za su kai kuka. Wasu 'yan Najeriya da suka fito suka yi magana tun yana raye sun shaida wa BBC cewa an kai musu hari, su ma ma'aikatan BBC sun ce masu gadin cocin sun buɗe musu wuta sun tsare su a Maris 2022, suna ɗaukar hoto daga kan titin gwamnati.

Duk lokacin da irin wannan labari ya fashe, sai a tayar da tsohuwar muhawarar nan ta ko gwamnati ta sa wa addini linzami. Tarihin wannan muhawara a Najeriya gajere ne, kuma kowane ma'aikaci ya haddace darasinsa. A Janairun 2017 ƙa'idar Hukumar Kula da Rahoton Kuɗi, wadda ta ƙayyade wa'adin shugabannin ƙungiyoyin da ba na riba ba, ta sa Fasto Enoch Adeboye ya naɗa wani ya riƙe reshen cocinsa na Najeriya. Kwana biyu bayan haka aka sallami shugaban hukumar, Jim Obazee, aka jingine ƙa'idar. A Agustan 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar kamfanoni, wadda sashe na 839 a cikinta ya ba da damar dakatar da amintattun ƙungiya a naɗa masu riƙon ƙwarya. Ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta yi tsalle ta dire, kuma a 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta soke sashen tare da wasu.

A ganina, waɗanda suka yi adawa da waɗancan matakai suna da hujja, ko da wasunsu aljihunsu suke karewa. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulki ya ba kowa 'yancin addini, kuma gwamnatin da za ta iya naɗa wa coci shugaba yau, gobe za ta naɗa wa masallaci limami. Amma abin lura shi ne duka matakan biyu a kan kujera da asusu aka gina su. Ko da sun tsaya da ƙafarsu, da ba su tsinana wa yarinyar Ikotun komai ba. Sashe na 839 ma ya bukaci kashi ɗaya cikin biyar na mambobi su haɗu kafin su shigar da ƙorafi, alhali wanda ya gudu ya daina zama mamba, wanda ke ciki kuwa ba ya iya haɗa baki ko da mutum ɗaya.

Ɗaya salon da hukuma ta iya shi ne ƙarfin tuwo. A Agustan 2009, makonni kaɗan bayan rikicin Boko Haram a Maiduguri, jami'an tsaro suka dira a matsugunin Darul Islam da ke kusa da Mokwa a Jihar Neja, suka kwashe dubban mutane, aka loda su a motoci aka mayar da kowa jiharsa ta asali. An watsa garin baki ɗaya. Tsakanin kawar da kai na shekaru da dirar mikiya ta dare ɗaya, babu matakin tsakiya.

Abin mamaki shi ne matakin tsakiyar yana nan a rubuce. Dokar Haramta Cin Zarafin Mutane ta 2015, wadda aka fi sani da VAPP, ba ta tsaya ga duka da fyaɗe ba. Ta mayar da tauye wa mutum 'yancin walwala laifi, haka tilasta masa dogaro da wani ta fuskar kuɗi, haka raba shi da dangi da abokai da ƙarfin tsiya, haka azabtar da shi ta baki da tunani. Wanda ya ɗora waɗannan sassa a kan shaidar tsofaffin almajiran Ikotun zai ga kamar a kansu aka rubuta. Dokar ba ta tambayar ko wahayin shugaba gaskiya ne, ba ruwanta da aƙida. Tambayarta ita ce me aka yi wa jikin wannan mutum da 'yancinsa. A Abuja hukumar NAPTIP ce ke aiwatar da ita, kuma mafi yawan jihohi sun yi tasu irinta. Amma an saba kallonta a matsayin dokar rikicin miji da mata, shi ya sa wanda ya tsero daga hannun fasto ko malami ba ya tunanin da shi take, jami'in da ke kan kanta shi ma ba ya tunanin haka. Sau da yawa abin da zai ce shi ne a je a sasanta, ko ya ɗauki mai ƙorafin a matsayin wanda aka kora yake huce haushi.

Faransa, bayan mutuwar mabiyan ƙungiyar Solar Temple a tsakiyar shekarun 1990, ta yi doka a 2001 da ta hukunta cin amanar wanda aka raunana masa tunani, sannan a 2002 ta kafa wani ƙaramin ofishi mai suna Miviludes, wanda babban aikinsa karɓar rahoto daga iyalai da tsofaffin mabiya, ya tara, ya miƙa wa masu gabatar da ƙara idan ya ga alamun laifi. Yana da masu sukarsa, waɗanda ke cewa yakan shafa wa ƙananan addinai kashin kaji, kuma a ƙasa irin tamu wannan haɗari ya ninka. Duk da haka akwai abin ɗauka, wato tarawar. Ƙorafin mace ɗaya a Ikotun, wani a Akure, wani daga ofishin jakadanci a Pretoria, kowanne shi kaɗai ana iya cewa sharri ne. In suka haɗu a fayil ɗaya, suna ba da labari iri ɗaya daga bakin mutanen da ba su san juna ba, sun zama abin bincike. Wannan aikin ne 'yan jarida suka yi a shekara biyu, ba su da ikon sammaci, ba su da ikon kama kowa.

Kenya ta jira har sai da aka fara tono gawawwaki a dajin Shakahola cikin Afrilun 2023, inda aka haƙo fiye da 400 na mabiyan Paul Mackenzie da aka ce su yi azumi har mutuwa, sannan Shugaba William Ruto ya kafa kwamiti. Mackenzie kuwa an sha kama shi ana saki tun 2017.