Waiwaye: Hukunci a Abuja da Yamai, Ɗawainiya a Ƙonni

Ranar 30 ga Yulin 2023, kwana huɗu bayan sojoji sun tsare Shugaba Mohamed Bazoum a fadarsa, shugabannin ƙasashen CEDEAO, ƙungiyar Yammacin Afirka, suka zauna a Abuja suka yanke hukunci: a rufe iyakoki da Nijar, a dakatar da cinikayya, a riƙe kuɗin gwamnati da ke babban bankin yankin. Nijeriya ta ɗora da yanke wutar lantarki, alhali kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da Nijar ke sha a lokacin daga can take zuwa. An ce don kare dimokuraɗiyya aka yi. Janar Abdourahamane Tiani, jagoran juyin mulkin, da mutanensa aka ɗaga wa bulala, amma a gadon bayan mutanen Birnin Ƙonni ta fara sauka.

Duk wanda ya san hanyar Ƙonni zuwa Illela ta jihar Sakkwato ya san ba ta barci. A waccan daminar ta yi tsit. Manyan motoci suka yi jerin gwano a ɓangarorin biyu, direbobi suka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin tireloli, yaran mota na hura gawayin shayi, mako na bin mako. Siminti zai iya jira, amma albasa ba ta jira: buhun da aka ɗinke bakinsa da kyau sai ya soma tsiyayar baƙin ruwa ta ƙasa, wari ya tashi, mai kaya na tsaye yana kallon jarinsa na narkewa. Cikin gari mai walda ya rufe rumfa, mai ƙanƙara ya kife kularsa, mai injin niƙa ya ƙara kuɗi, ma'aikaciyar asibiti kuma hankalinta na kan firjin allurar rigakafi. 'Yan kabu-kabu suka buɗe hanyoyin daji, kaya suka ci gaba da wucewa kaɗan-kaɗan, sai dai kowane shinge da nasa kuɗin, kuma duk a kan tiyar masarar talaka lissafin ke ƙarewa.

Sai ranar 24 ga Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, aka buɗe iyaka a watan Maris. Me aka samu? Sojoji na nan kan mulki, Bazoum na tsare, Nijar da Mali da Burkina Faso kuwa tun 28 ga Janairu sun sanar da ficewarsu daga ƙungiyar da aka kafa a Legas a 1975. Mutane da dama da ba su taɓa ƙaunar mulkin soja ba suka koma bayansa, domin a idonsu masu kiran dimokuraɗiyya su ne suka kashe musu wuta.

Ni ba na cikin masu yi wa juyin mulki guɗa. Sau biyar sojoji suka karɓe mulki a Nijar, a 1974 da 1996 da 1999 da 2010 da 2023, kuma babu wanda a cikinsu ya raba mu da yunwa ko rashin makaranta. Abin da ke damuna shi ne wata tsohuwar ɗabi'a da soja da farar hula suka yi tarayya a kanta: a zauna nesa a yanke hukunci, ba tare da an tambayi wanda zai ɗauki kayan ba.

Ƙonni ta san wannan ɗabi'a tun kafin a haifi kakanninmu. A watan Mayun 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine, bayan ta baro Lugu inda Sarauniya Mangu ta tare ta, ta afka wa garin, ta ƙone shi, ta karkashe jama'a masu yawan gaske. Iyakar da ta raba Ƙonni da Sakkwato kuwa a teburin Turawa aka zana ta: yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta ja da'ira mai nisan mil 100 kewaye da birnin Sakkwato, aka sake gyara layin a 1904 da 1906, sannan aka zo aka kafa alamomi a gonakin mutane. Wa ya koma ɗan wata ƙasa, ƙane ɗan wata. Ba a tambayi kowa ba.

Za a ce ai wannan zamanin mulkin mallaka ne. To, mu matso kusa. Tsohon shugaban Nijar Mahamadou Issoufou ɗan Dandaji ne a gundumar Illela ta jahar Tawa, kuma shi Tarayyar Afirka ta ɗora wa jagorancin shirin kasuwar bai-ɗaya ta nahiyar. A watan Yulin 2019 aka yi babban taro a Yamai aka ƙaddamar da shirin, Shugaba Muhammadu Buhari na Nijeriya ya sa hannu a wurin. Ba a yi wata biyu ba, a watan Agusta, Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa da sunan yaƙi da fasa-ƙwaurin shinkafa, ba ta buɗe ba sai Disambar 2020. Shugabannin biyu duk zaɓaɓɓu ne, kuma yarjejeniyar walwalar zirga-zirga ta CEDEAO ta 1979 na nan a rubuce. Amma ɗan kasuwar Ƙonni da na Illelar Sakkwato a rediyo suka ji labari. Wannan ya isa ya nuna cewa jefa ƙuri'a sau ɗaya a shekara huɗu ko biyar bai wadatar ba, muddin tsakanin zaɓe da zaɓe babu ƙofar da talaka zai ƙwanƙwasa a buɗe masa.

Akwai wata irin hulɗa da ta fi jure wa guguwar siyasa, ita ce wadda buƙata ta tilasta. Ruwan Majiya daga tsaunukan Adar yake gangarowa, ya ratsa ƙasar Ƙonni, ya tsallaka iyaka ya zuba a tafkin Kalmalo kusa da Illela. Da aka gina madatsun Mozage da Zango domin ba gandarin noman rani na Ƙonni ruwa, mutanen Kalmalo suka yi ta kukan tafkinsu na ja da baya. Can gabas kuma labarin ya juya: madatsar Jibiya a jihar Katsina ce ke sama, manoman Gulbin Maraɗi ke ƙasa suna jira. Kowace ƙasa na riƙe da makogwaron 'yar'uwarta a wani wuri. Shi ya sa hukumar haɗin gwiwar Nijar da Nijeriya, wadda aka kafa a 1971 da mazauninta a Yamai, ta kai ga yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan raba ruwan Majiya da Gulbin Maraɗi da Tagwai da Komadugu Yobe bisa adalci. A zamanin Ali Saibou da Ibrahim Babangida aka sa mata hannu, dukansu sojoji, kuma gaskiya ce da bai kamata a ɓoye ba. Takardar mai kyau ce. Rauninta shi ne manomi da masunci da makiyayi, waɗanda ruwan ya shafa kai tsaye, ba su da kujera a inda ake duba ko ana aiki da ita.

Haka batun cuta. Sanƙarau bai taɓa tsayawa a gaban jami'in duwan ba. Annobar 1996 ta ci dubban rayuka a arewacin Nijeriya da Nijar. Da aka haɗa hannu da Hukumar Lafiya ta Duniya da wani kamfanin Indiya aka samar da allurar MenAfriVac mai araha, aka fara yin ta a Burkina Faso da Mali da Nijar a ƙarshen 2010, nau'in sanƙarau da ya fi addabar mu ya kusa ɓacewa. Shan-inna ma, da aka dakatar da rigakafi a Kano a 2003, cutar ta tsallako mana har ta wuce wasu ƙasashe. Sai da sarakuna da malamai suka shigo, aka riƙa yin ɗigon a ranaku ɗaya a ɓangarorin iyaka biyu, kafin a ayyana Afirka ta rabu da nau'inta na daji a watan Agustan 2020. Kuɗin daga nesa suka zo, amma amincewar uwa ta miƙo ɗanta daga bakin mai unguwa da liman ta fito.

A watan Agustan 2023 ma, lokacin da CEDEAO ke ta maganar tura sojoji Nijar, su wa suka tsaya tsakani? Sanatocin arewacin Nijeriya sun ce ba su yarda da yaƙi ba. Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya bi Janar Abdulsalami Abubakar zuwa Yamai, Muhammadu Sanusi na Biyu ya je ya gana da Tiani, ayarin malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ya biyo baya. Mutanen da suka san cewa harsashin da aka harba daga Illela a gidan suruki zai faɗa a Ƙonni, su suka sanyaya al'amarin.

In ana neman inda ake koyon mulkin jama'a a ƙasar Ƙonni, a je gandari. Fili ne na sama da hekta 2,400, aka gina shi tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, ruwa na bin doguwar hanya daga madatsu zuwa tafkin Cerasa kafin a rarraba shi. Tun da aka miƙa wa ƙungiyoyin manoma ragamar irin waɗannan gandaye, dole ake zama a yi magana: wa zai sha ruwa yau, wa zai jira gobe, nawa ne kuɗin ruwa, ina aka kai na bara. Wanda gonarsa ke wutsiyar magudana yakan miƙe a taro ya nuna shugaba da yatsa, ya ce alkamarsa ta yi yaushi alhali na bakin ƙofa na ambaliya, kuma dole a ba shi amsa, don gobe tare za a yi sallar asuba. Ana samun son kai, ana samun masu cin amana, amma ana iya sauke shugaba ba tare da bindiga ba. Gyaran da aka yi wa gandarin da kuɗin Amurka, cikin yarjejeniyar dala miliyan 437 da aka sa wa hannu a 2016, siminti ya kawo. Abin da zai raya shi shi ne wannan zama.

Shi ya sa rusa majalisun ƙananan hukumomi da aka yi a watan Afrilun 2024, aka naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun magadan gari, ya fi yi mini ciwo a kan abubuwa da yawa da ake ta cece-kuce a kansu. Daga zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 har zuwa wannan rushewa, mutumin Dogarawa ko Tsarnawa ko Badagishiri ya san gidan kansilansa, yana iya tare shi a kasuwa ya tambaye shi ina aka kwana kan rijiya. Duk wata sabuwar tafiya da ake cewa za a gina, daga nan ya kamata ta soma: a mayar wa mutane zaɓen wanda ke karɓar harajin kasuwarsu, ko da sauran zaɓuɓɓuka za su jira.

Ƙungiyoyin yanki kuma, ko CEDEAO ko sabon ƙawancen Sahel na Nijar da Mali da Burkina Faso, su rubuta a dokokinsu cewa abinci da magani da wutar lantarki ba sa shiga takunkumi ko me ya faru. A hukunta shugaba ta asusunsa da tafiye-tafiyensa. Su kuma riƙa magana da wuri. A 2009 CEDEAO ta dakatar da Nijar saboda tazarcen Tandja Mamadou, kuma ta yi daidai. Amma da Alpha Condé na Gini da Alassane Ouattara na Kodebuwa suka nemi wa'adi na uku a 2020, ba a ji irin wannan tsawa ba. Mutane na gani, kuma ba sa mantawa.

Shugabanninmu na zuwa Majalisar Ɗinkin Duniya suna neman kujeru biyu na dindindin ga Afirka a Kwamitin Sulhu, kamar yadda aka amince a Ezulwini tun 2005, kuma a 2023 an ba Tarayyar Afirka kujera a G20. Hujjarsu ita ce bai dace a yanke hukunci kan yaƙi da bashi da sauyin yanayi ba tare da waɗanda abin zai fi shafa ba. Hujja ce mai ƙarfi, ambaliyar 2024 da ta rusa gidaje a Maraɗi da Tawa da Damagaram ta ƙara mata nauyi, domin ba hayaƙin masana'antunmu ne ya ɗumama duniya ba. Sai dai ita ce dai hujjar da mai albasar Galmi da leburan simintin Malbaza ke da ita a kan Yamai da Abuja.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar sabon gini ko taron ƙasa da ƙasa. Hukumar haɗin gwiwa ta 1971 na nan. A kafa mata zaure na dindindin tsakanin Ƙonni da Illela, wanda zai riƙa zama kafin damina da bayan kaka, da wakilan manoman gandari, masuntan Kalmalo, makiyaya, direbobi, 'yan kasuwa mata da maza, da sarakunan ɓangarorin biyu. A riƙa auna ruwan Majiya a Mozage da bakin iyaka, a karanta adadin a gidajen rediyon gari da Hausa. Kuma a ɗaure gwamnatocin biyu da alkawarin cewa ba za a sake rufe wannan hanya ba sai an fara kawo maganar gaban zauren, an ji ta bakinsa.